Yashin da Saje Ya Zuba a Ɗakin Baya

Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, har yau in na tuna maganar yashin nan sai hawaye. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini.

Saje ne a soja, ya daɗe da igiya uku a hannu. A zamaninsu mai tsawa shi ne ya iya riƙe yara. Sai aka sauya tsari: ba ƙarin girma sai mutum ya je kwas, ya tsaya gaban manya ya koyar da ƙananan sojoji har su gane, ban da zagi. Ya karɓi hutun sati uku ya zo gida Daura ya shirya.

Washegari ya sa aka kawo buhun yashi, ya juye a ɗakin baya, ya ja ƙofa. Da na kai masa fura sai na leƙa. Ya baje yashin, ya ja layuka da yatsa, ya jera tsakuwa da ƙwallon dabino, yana nuna su da kara yana magana shi kaɗai. Ya goge, ya sake ja. Ni a sanina, mai zana yashi yana gogewa bugun ƙasa yake yi. Na ce shi ke nan, neman girma ya kai shi ga bokanci.

Ban tambaye shi ba. Na ɗauki mayafi na tafi wurin yayana, malami ne a unguwarmu, na faɗa masa ina kuka.

Bayan la'asar Yaya ya zo da dattawa biyu, suka ce a buɗe musu ɗakin.

"Saje, ashe ka ajiye bindiga ka koma duba?" in ji Yaya. "To duba mini, yaushe akuyata za ta haihu?"

"Malam, wannan tudu ne, wannan rafi. Tsakuwar nan yarana ne. Nan zan nuna musu inda za su laɓe kada a harbe su."

"Ƙwallon dabinon fa?"

"Abokan gaba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Lallai abokan gabanka sun sha tsotsa."

Suka yi ta dariya. Yaya ya ba shi haƙuri, ya ce ƙanwarsa ce ta tayar musu da hankali. Saje ya juyo ya dube ni sau ɗaya.

Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa, 'yan acaba suna ce masa Saje mai duba. Da kansa ya kwashe yashin ya zubar a lungu. Na ce, "Maigida, bari in sa a kawo wani." Ya ce, "Bar shi, uwar yara, na haddace."

Ashe bai haddace ba. A kwas ɗin aka miƙa masa kara aka tsayar da shi gaban yashi, baki ya ƙi, ya koma tsawar da ya saba. Bai ci ba. Shekarunsa sun ja, babu damar sakewa, ya yi ritaya da igiyarsa uku. Abokin aikinsa ne ya gaya mini wannan a ranar sadakar ukun rasuwar Saje, bai san da hannuna a ciki ba. Shi marigayin ce mini ya yi gurbi ne babu.

Shekara tara muka ƙara a gida ɗaya bayan ritayarsa. Ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni cewa ya yafe mini. Kullum sai in ce gobe.