Sallamar da Malam Labbo ke yi wa doki

Da an idar da sallar asuba a Karakkai, Malam Labbo ba ya komawa ɗaki. Turke yake nufa yana dogara sanda, ya zuba wa goɗiyarsa harawa, ya shafa bayanta tun daga wuya har gindin wutsiya yana mata magana ƙasa-ƙasa. Matarsa Inna Maimuna ta ce ita tun aurensu ba ta taɓa samun irin wannan hirar ba. Daga nan sai ya ja goɗiyar zuwa filin bayan gari, ya tsaya riƙe da ragama. Hawa kam ya gagare shi tun daminar bara, da ƙugunsa ya ƙi.

Ni baduku ne a Gusau, kayan doki nake ɗinkawa, kuma daga igiyar linzami nake gane mahayi. Yawancin mutanenmu in za su tsayar da doki daga sukuwa, fizga ɗaya suke yi, doki ya zauna kan ƙafafun baya, baki na jini, 'yan kallo na tafi. Irin waɗannan ba sa wata uku ba su dawo mini da tsinkakkiyar igiya ba. Shi kuwa Labbo, wadda na yi masa tun ina saurayi ita ce har yau. Na sha faɗa masa da kowa irinsa ne, da tuni na koma noma.

Shekara da shekaru ana kawo masa dawaki horo daga Tsafe, daga Wonaka, daga 'Yankuzo. Abin da yake koya musu ba gudu ba ne, kowane doki da gudunsa aka haife shi. Yadda za a tashi daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa sukuwa, a kuma sauko daki-daki ba tare da doki ya yi tuntuɓe ko mahayi ya faɗa kan wuyansa ba, wannan ne aikinsa. Yana kiransa sallama. Kafin hannu ya taɓa linzami, mahayi zai sauke nauyinsa cikin sirdi, ya saki numfashi, ya ɗan matse cinya, sannan ya jira kunnen doki ya juyo baya. In kunne bai juyo ba, ba a amsa ba ke nan.

"Gidan mutum ba ka hwaɗa mishi ba sallama," in ji shi. "To mi doki ya yi maka?"

Umaru mai awo shaida ne. Wata damina ya faɗo daga kan rumbu, cinya ta karye, rafi ya cika, mota ba ta shiga. Labbo ya ɗora shi gabansa a kan doki ya nufi gidan maɗori a Bungudu. Inda hanya ta yi kyau ya ƙara sauri, inda ta ɓaci ya rage. Umaru ya rantse mini bai san lokacin da aka canza ba, sai dai ya ga itatuwa sun ƙara gudu ko sun rage. Yau da ƙafafunsa biyu yake zuwa kasuwa.

Malam Labbo, kai ne ba ka taɓa fasa bakin dabba don a yi maka tafi ba. Kai ne mai hannun auduga. Wallahi ina kewar ganinka a kan sirdi, rawaninka ko motsi ba ya yi.

Goɗiyar nan ita ce ta ƙarshe, kuma horonta bai ƙare ba. Ta koyi tashi, ba ta koyi sauka ba, ciwo ya riga shi. Masu son ta sun zo, ya duba linzamin da suka zo da shi, ya ce su yi haƙuri. Mutum ɗaya ya koya wa sallama har ta zauna masa a jiki, ɗansa Usman. Amma tun da Gusau ta zama babban birnin jiha shekara biyu da suka wuce, Usman ya sayi babur yana kabu-kabu a tasha. Ba na ganin laifinsa, yana da iyali. Sai dai goɗiya tana girma, kuma in ta wuce shekarun koyo, duk wanda ya hau ta da fizga zai tsayar da ita.

Mun gode, Baba Labbo. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sauƙaƙa ciwo. Ku kuma masu dawaki, ku je Karakkai tun bakinsa na iya faɗa, ku zauna ku koya.

Ranar da na je gaishe shi, ya rako ni har ƙofar gida duk da ƙugun. Ya ce, "In ka ga Usman, ka ce mishi ban ce ya baro aikinai ba. Wata guda kaɗai nika roƙo, ya zo ya ƙare horon goɗiyar."

Na isar da saƙon a tasha. Usman ya kashe babur, ya tambaye ni ko har yanzu goɗiyar tana kaɗa kai in an matse ta ta hagu. Na ce tana yi. Ya ce in gaya wa Baba zai zo bayan girbi, sannan fasinja ya zo.

An gama girbi, har an kai dawa rumbu. Inna Maimuna ta ce Malam Labbo ya sa an share filin bayan gari, ya fito da sirdi ya shafa masa mai. In ya ji ƙarar babur daga nesa, sai ya daina yi wa goɗiyar magana har ƙarar ta wuce.