Kwalbar Ummi

Na fi shekara goma ina yanka tsokar mutane a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a unguwar Bagdadiyya, a ƙasar Larabawa. Likita ya ciro ƙari daga jikin mutum, ni in dasa shi cikin kakin kyandir, in yanka da inji siriri kamar bayan albasa, in rina shi a kan gilashi, sannan babban likita ya duba ya ce kansa ce, wato ciwon daji, ko ba ita ba. A hannu na koya, ban da shahadar kowace makaranta. A nan unguwar Ammariyya aka haife ni, amma iƙamata, takardar zaman baƙi, lebura ta ce.

Sai doka ta zo ta raba aikin gida biyu. Dasawa da yanka da rini na masu shahada ne. Ɗaukar kwalbar da ake sa naman a ciki, wanki da shara na kowa. Mudir, shugaban asibitin, mutumin kirki, ya kira ni yana kallon ƙasa.

"Wallahi ba daga ni ba ne. Injin nan mamnu a gare ka, an hana ka taɓa shi, halas, magana ta ƙare."

Aka kawo wata 'yar Filifin ta hau kujerata. Na so in tsane ta, abin ya gagara, don ta iya aikinta kuma tana gaishe ni. Haushin sai ya rasa inda zai sauka, na riƙa sauke shi kan buroshin wanki.

A cikin wannan hali mahaifiyata ta ji kullutu a nono. Ban taɓa gaya mata an sauke ni ba, kunya ta hana. Ranar da za a shiga da ita tiyata a asibitinmu ta kama hannuna.

"Kai za ka yanka, ko? Ban yarda wani ya taɓa namana ba, ya waladi."

Na ce, "Ni ne, Ummi."

Ni na ɗauko kwalbar daga ɗakin tiyata, tana da ɗumi a tafina. Na kai ta har teburin gwaji, na ajiye, na ja da baya inda doka ta tsayar da ni. Ina tsaye baƙuwa ta yanka nonon da na sha.

Kansa ce, kuma ta yi nisa. Ummi ta rasu tana gaya wa maƙwabta ɗanta ne ya gano ciwon da hannunsa.

Abin da hannuna ya yi ɗaya ne. Da aka gama, an miƙo mini kwalbar, na kai ta famfo na wanke.