Silin Ɗakin Autan Ila Kafinta

A layinmu na Hayin Banki, duk ɗakin da ka shiga ka ɗaga kai ka ga silin kwali an bi shi da siraran katako gida-gida, to hannun Ila kafinta ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan da ya sauka daga Malumfashi da guduma ɗaya da zarto mai giɓi, ya yi ta kallon sama har wuyansa ya ƙage a haka. 'Yan layi kan tsokane shi cewa ko a sallah da ƙyar yake duban wurin sujada, shi kuma ya ce su da suke kallon ƙasa tun haihuwa me suka tsinta.

Yana da magana guda da ya ishi kowa da ita: ƙusa ba ta ƙarya. In ta sami katako mai rai za ta yi maka gardama, ka ji a hannunka. In ta shige salin-alin, to akwai munafunci a sama.

Sai zamani ya yi masa juyin waina. Fararen allunan silin zamani da ake kira POP suka shigo gari, kowa ya raina kwali, Ila ya koma gyaran ƙafar benci da ƙyauren bayi. Gwiwa ta fara ƙara in zai tashi. Matarsa Tani ga hawan jini. Manyan 'ya'yansa, Inuwa da Faruk, kowa ya yi aure ya bi abincinsa wani gari, sai gaisuwa ta waya. Saura auta, Shamsuddeen mai keke napep, shi ke jan ruwa a rijiya kafin ya fita, shi ke kai uwarsa asibiti. Da aka sa ranar aurensa da Mardiyya, Ila bai roƙi Allah komai ba sai abu ɗaya: yaron nan ya tare a ɗakin ƙofar gida, kada shi ma ya tafi.

Ranar ganin ɗaki, dangin amarya suka zo a bayan Gwaggo Hassana, mace mai ido kamar na mai awon hatsi. Ba ta dubi bango ba, ba ta dubi daɓe ba, sama ta ɗaga kai. Silin nan ya sha damina har ya yi shatin ruwa rawaya-rawaya, sak katifar yaro mai fitsarin kwance.

"Malam, wannan a gidan kafinta?" in ji ta.

Ta ƙara da cewa su ba su da matsala, akwai ɗaki a gidan yayanta a Rigachikun, a share kawai a shiga. Shamsu ya sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi maganar gwaggon yi wa Ila zafi. Nan take uban ya ce a ba shi kwana goma, za su dawo su ga POP.

Hamisu, wanda ya koyi aiki a hannun Ila tun da daɗewa, yanzu har da motar kansa da tumbi, shi ya kawo masa ragowar alluna daga wani gini a Mando. Da ya sauke, ya ɗan bubbuga tsohon silin da ƙotar tsintsiya, ya ji yadda yake amsawa, ya ce, "Maigida, a sauke wannan tukuna a ga katakon. Allon nan nauyi gare shi."

Ila ya ce katakon nan shi ya zaɓo shi da hannunsa lokacin Hamisu bai san hannun damansa ba, a kan tsohon zai ɗora. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce tsoro yake ji. In ya ɓanɓare ya tarar da ɓarna, sai an sake katako, daga katako sai kwano, kwana goma kuwa ba za su kai shi ko'ina ba. Abin da ba ka gani ba, ai da sauran dama.

Dabararsa mai kyau ce, ba a raina shi a nan. Ya bi kawunan tsofaffin ƙusoshi, ya ja layi da alli a saman bango inda kowane katako ya bi, don in sabon allo ya rufe komai ya san inda zai ɗaure. Ya cire siraran katakon adon. Ya haɗa sanduna biyu masu faffaɗan kai ya tokare allo, Tani na riƙe da tsani tana faɗin ya bi a hankali, shi ba yaro ba ne. Ƙusa mai zare ta farko ta yi gardama, ya ji daɗi. Ta biyu ma haka. Ta uku ta shige kamar yatsa a tuwo.

Ya tsaya cak, hannu a sama. Ya matsa gaba kaɗan ya gwada wata, ita ma ta wuce ba sallama. Gara ta cinye cikin katakon, ta bar masa riga.

"Lafiya, Malam?" in ji Tani daga ƙasa.

"Miƙo ƙusa."

Inda ake sa huɗu ya sa goma, yawancinsu ba abin da suka kama sai tsohon kwali. Ya cike tsagogi, ya goge, ya shafa fenti, ya lallaɓa ya hau kwano ya liƙe ramukan da ya gani da kwalta. Ɗaki ya fito fari tas. Layi kaf aka zo kallo, ana cewa ashe tsoho da sauransa, har wani ya ce a kawo masa tabarma ya kwanta ya kalli sama shi ma. Ila yana dariya, amma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ba, shi da wuyansa ba ya sauka.

Saura kwana biyu jere, da la'asar, aka sheƙa ruwan farko. Ya shiga ɗakin ya tsaya a tsakiya yana saurare. Ko ɗigo bai sauko ba, Tani har da hamdala. Shi ya san inda ruwan ya tsaya: tsohon kwali na can tsakani yana sha yana ƙoshi.

Ranar jere mata suka cika gida, an kafa gado, an ja kabad, ana gardamar inda labule zai fi kyau. Ila na waje a kan benci. Gwaggo Hassana ce ta hango silin ya ɗan turo daga tsakiya, ta ɗauki tsintsiya tana tambayar wannan cikin wata nawa ne. Taɓawa ɗaya ta yi. Allo biyu suka sauko a kan sabon gado, da jan ruwa, da ƙasar gara, da kashin ɓera na shekara talatin. Allah ya tsare, ba wadda ta ji ciwo, sai dai gyalensu ya yi wanka.

Ila ya ji ƙarar daga waje. Bai tashi ba.

Kafin magariba an mayar da kaya mota, an nufi Rigachikun. Shamsu ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ai ba nisa, kullum zan riƙa leƙowa." Ya kuwa leƙo kullum, mako guda. Daga nan sai Juma'a. Yanzu Mardiyya na da ciki, fetur ya yi tsada, hanyar Kawo ga cunkoso, sai dai waya.

Ɗakin na nan yadda aka bar shi, rabi fari, rabi baki buɗe, rana na leƙowa ta ramukan kwano. Hamisu ya ce zai zo su sake, Ila ya ce a sake wa wa. Kwanan baya wani mai dogon baki a layin, ba sai an faɗi sunansa ba, ya same shi a bakin rijiya yana jawo rabin guga yana hutawa, ya ce masa, Malam Ila, ashe dai ƙusa tana ƙarya.

"Ba ta yi ba," in ji Ila. "Tun ta uku ta gaya mini."

Mai dogon bakin ya miƙa hannu zai karɓi igiyar. Ila ya ce ya bari, gobe ma ai shi zai ja. Daga cikin gida Tani na tambaya ko ruwan ya samu, lokacin shan maganinta na wucewa.