Safayarka Tana But Ɗin Motata, Baba Sammani

Ranar Asabar, 29 ga Mayu, 1999, daidai da 13 ga Safar, 1420, ranar da Katsina ta ɗunguma zuwa filin rantsar da gwamnan farar hula, ita ce ranar da Allah ya karɓi ran Malam Sammani Direba na unguwar Gobarau, a kan hanyar Kankiya, yana da shekara sittin da huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye cikin rana da ɗalibaina 'yan mata, muna jiran a kira makarantarmu ta yi maci, wata malama ta ja ni gefe ta faɗa mini. Har yau ban san wanda ya mayar da yaran nan makaranta ba.

Baba Sammani, ni ce Zulaihat, matar marigayi Alhaji Salihu, wanda ka tuƙa shekara goma sha tara a ma'aikatar gona. Da ya rasu ya bar ni da yara huɗu da tsohuwar Fijo, dangi suka ce a sayar da motar, me mace za ta yi da ita. Kai kaɗai ka ce a bar min, za ka koya min. Lokacin ka riga ka yi ritaya, babu abin da ya wajabta maka ɗawainiyarmu, amma wata uku kana zuwa GRA kowace safiya saboda ni.

Na zaci ranar farko za ka ba ni makulli. Ashe da sauran aiki. Sati guda ban ko taɓa sitiyari ba, sai abin da kake kira gaisuwar mota. Da na gaji na yi ƙorafi, ka dube ni ka ce, "Malama, ke in kin ishe mutum da sahe, ba ki tambayar kwananshi da iyalinshi? To ita ma mutum ce, baki ne kawai ba ta da shi."

Haka na koyi gaishe ta. A buɗe gabanta a duba ruwan lagireto tun injin yana da sanyi, don ka nuna min tabon ƙuna a hannunka na ranar da ka buɗe shi da zafi kana saurayi. A zaro sandar baƙin mai, a goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa, sannan a yarda da abin da ta nuna. A leƙa man birki da ruwan batir. A sa wani ya tsaya baya ya ga ko fitilu suna kamawa. A sunkuya a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Sannan a zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Rannan na gama huɗu na miƙe ina kakkaɓe hannu, ka tambaye ni ƙafar mota nawa. Na ce huɗu. Ka yi dariya har hularka ta karkace, ka ce, "Wannan lissahin makaranta ne. A hanya biyar ne." Ka buɗe but, ka sa na danna safaya da hannuna.

Ba zan manta ranar da ka sa na canza taya ni kaɗai a ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gidanmu ba. Ka zauna a benci ka harɗe hannu, maƙwabta suna leƙe ta katanga, ni kuma na ɗaure mayafi a ƙugu ina gumi ina jin haushinka. Ka ce a tsaya wuri mai tauri, nesa da kwalta. A ja birkin hannu, a tare tayoyi da duwatsu. A sassauta noti tun taya tana ƙasa, kafin a ɗaga jak. Kada a taɓa cusa jiki ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In an ɗaura, a ɗaure noti wannan da na daura da shi, a sauke, a ƙara ɗaurewa. Da na gama ka gwada kowane noti da sifana, ka ce, "Alhaji da kanshi bai taɓa yin wannan ba." Na shiga ɗaki na yi kuka, rabi don gajiya, rabi don ka ambaci sunansa.

Doka ɗaya ka fi nanata min. Safaya baƙuwa ce, ba a gudu da ita, ba a kuma barin ta ta kwana bisa aiki. Ta kai ka gari, ka kai wadda ta yi faci wurin gyara a ranar, baƙuwa ta koma ɗakinta.

Duk wanda ya san ka ya san ba ka iya wuce mota a gefen hanya. Inna Delu, matarka, ta sha faɗa cikin wasa cewa Daura kusa ce ga kowa ban da wanda ya shiga motarka, don sai ka gyara wa rabin matafiya motocinsu kafin ku isa. A ƙofar masallacin Gobarau kakan jira mutumin da ba ka sani ba ya idar da nafila, don kawai ka faɗa masa tayarsa ta baya ta rage iska.

Yanzu na zo wurin da alƙalami ke yi min nauyi.

Sati uku kafin rasuwarka na taka ƙusa. Na ɗaura safayata kamar yadda ka koya min, na kai mai hujin wurin Audu mai faci a Ƙofar Ƙaura, na biyo ta gidanka don in yi maka alfahari. Ka yaba, sannan ka leƙa but ka gan shi wayam. Ka je ka ciro taka safayar, sabuwa ful, daga motarka, ka saka a tawa. Na ce gobe zan dawo da ita. Audu ya gama gyara a ranar, har sau biyu yana aiko min in zo in ɗauka. Amma an sa mu shirin maci, kullum muna fili daga safe har la'asar, kullum ina cewa gobe.

Ranar Asabar da sassafe aka aiko maka cewa ɗiyarka Safara'u tana doguwar naƙuda a Kankiya. Ka ɗauko wata tsohuwar taya da ta suɗe, wadda ka daɗe da jinginewa a zaure, ka jefa a but, kuka kama hanya kai da ƙanenka Sada. Bayan kun wuce Charanci tayar gaba ta yi faci. Sada ya ce babu abin da ka tsallake. Ka sauka daga kwalta, ka karyo ganye ka jera a hanya don masu zuwa su gani, ka sa duwatsu. Ka mayar da mai kyau ta baya zuwa gaba, ka ɗaura tsohuwar a baya. Ka riƙa tafiya a hankali har yana yi maka ƙorafi. Gab da Kankiya tsohuwar tayar ta fashe, daidai lokacin da wata babbar mota ke tahowa, kuka yi karo da ita. Sada ya tsira da karaya a hannu. Kai kuwa kalmar shahada ce ƙarshen abin da ya ji daga bakinka.

Na san ajali ba ya jira, ba ya kuma zuwa kafin lokacinsa. Na karantar da wannan a aji, na faɗa wa kaina shi sau ba adadi cikin kwanakin nan. Amma wallahi, Baba, zuciyata ta ƙi yin shiru. Lokacin da kake durƙushe a gefen hanya da tsohuwar taya, taka mai kyau tana kwance a motata a bakin filin rantsuwa, cike da iska, ba ta yi wa kowa aikin komai.

Ranar sadakar uku na tafi Gobarau da safayarka. Na jira mata suka ragu, na durƙusa gaban Inna Delu na faɗa mata komai, ina jiran ta ce in tashi in bar mata gida. Ta dube ni ta ce, "Zulai, kina tsammanin ban sani ba? Sau ukku ina ce mashi ya tahi ya amso. Ya ce a'a, Malama marayu take ɗauka a motar nan, shi ko tsoho ne, ya san hanya. Ya ce kada wanda ya tuna maki, sai kin kawo da kanki. Tashi, ɗiyata. Kwananshi ne ya ƙare." Na ce to ga ta nan na kawo. Ta ce, "Mu kai ta ina? Motar ma babu. Bar ta inda ya sa ta."

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sammani, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Yadda ya tsaya wa bayinka a gefen hanya, ka tsaya masa ranar da babu mai tsayawa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Delu, da Malam Sada, Allah ya ba shi lafiya, da Safara'u wadda ta sauka lafiya bayan azahar ɗin ranar, aka mayar wa jaririn da sunanka, da sauran 'ya'ya da jikoki da jama'ar Gobarau. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Na je na karɓo tayata wurin Audu, Baba, a ranar da ba ta da sauran amfani a gare ka. Taka tana nan inda ka sa ta. Kowace safiya ina gaishe da motar, in zagaya huɗu, in buɗe but in danna ta biyar. Har yau ba ta rage iska ba. Ka yafe min.