Takalman da Ban Saya Ba

A shekarar da kasuwannin duniya suka karye, na je Guangzhou saro takalma kamar yadda na saba. Na tarar da rabin shagunan titin Zhanxi Lu a kulle, 'yan dako suna zaune babu aiki.

Akwai wata dattijuwa 'yar China da na daɗe ina sayayya a wurinta. Ta san ba na ɗaukar takalmi sai na leƙa cikinsa, don wasu da fatar alade ake yi musu shafi. Ana gane fatar da ƙananan huji uku-uku.

Ranar na iske kwalaye har rufin shagonta. Masu saye daga Amurka ne suka fasa, aka bar ta da kaya.

"Laoban," wato shugaba da yarensu, "kwashe su," ta ce da guntun Turancinta. "In ba su fita a watan nan ba, zan rufe."

Na ce, "Mama, akwai alade?"

"Meiyo," ta ce, wato babu, amma ba ta kalle ni ba.

Na kai takalmi ɗaya bakin ƙofa wajen haske. Hujin suna nan. Na duba na biyu da na uku, ina fatan idona ne. Na tuna mutanenmu na Maraɗi da za su sa su zuwa masallaci, sai na ajiye.

Ba ta yi fushi ba, har shayi ta zuba mini. Da na dawo bayan wata huɗu, maƙwabtanta suka ce ta rufe ta koma ƙauye. Har yau ina tambayar kaina ko akwai hanyar taimakonta da ban gani ba.