Shanu Sun Riga Baba Cin Kabeji

Baba ya yi shekara da shekaru yana noman kabeji a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, can wajen Bunkure, amma bai taɓa kai shi baki ba. Cewa yake ciyawar 'yan birni ce. Mota ta kwashe ta yi Kano, mu dawo gida mu ci tuwo, shi kuma ya wuni yana kukan cushewar ciki.

Idan an gama yanka, wani Bafulatani amininsa yakan koro shanu su cinye ganyen da ya rage. Rannan ina tsaye Baba ya shafa bayan wani bijimi mai sheƙi, ya ce, "Ardo, me kake ba su haka?"

Ardo ya tuntsire da dariya. "Malam, ai kabejinka ne. Kai ne dai ba ka ci."

Tun daga ranar Inna ta shiga yi mana kwaɗonsa kullum, da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. Cikin Baba ya saki, aka huta da jiƙa saiwoyi. Har yau, kafin dillali ya iso, sai ya ware mafi kyau ya ce, "A kai gida. Sa ba zai fi ni lafiya da gumina ba."