Wayar Inna Mai Suna Biyu

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bayan Kekun Waje ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, in kuwa na shigo ɗakinta da mutane sai ta tuno wani abu da ta bari a kan wuta. Idan tana so in ci abinci, ƙanwata za ta ce wa, "Ce ma wancan tuwo shina hucewa," alhali ga ni zaune kusa da ita. Haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari, ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Amma in na ce bai dame ni ba na yi ƙarya.

Da na fara koyarwa a Gusau na sayi wata waya wadda a lokacin ita ake yayi. Suna biyu ne a goshinta, saboda kamfani biyu ne suka haɗa hannu suka yi ta: ɗaya na can gabas da ya shahara da rediyo da talabijin, ɗaya na Turai da ya san harkar tarho. Masu sayar da waya har kirari suke mata, wai ta gaji uwa ta gaji uba. Sautinta tas, hotonta tas. Sai dai tana da girman kai. Cajarta mai faɗin baki ce da 'yan haƙora, ba ta shiga wayar kowa, ta kowa ba ta shiga tata. Igiyar sa wa a kunne, wato iyafis, ita ma ta wannan bakin take shiga.

Da na canza waya sai na kai wa Inna tsohuwar. Ta hannun ƙanwata na bayar, ita ce kuma ta nuna mata maɓallin da za ta danne ya kira ni, da yadda ake saƙala iyafis. Ban sa rai da komai ba, na dai yi ne don a daina aike in buƙata ta taso.

Wata ranar Asabar da hantsi ina wanki sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na ji shiru, sai kukan kaji. Can sai murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kana lahiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna."

Ta ce, "Ka rame da ka zo. Abinci na babu, ko kau tunani na?"

Na zauna a kan bokitin da na kife, hannuna duk kumfa. Ina da gemu a lokacin, amma ranar ce karo na farko da uwata ta yi mini tambaya ni da kaina, ba ta bakin wani ba. Daɗi ya kama ni.

Daga baya ƙanwata ta ba ni labarin yadda take yi. Wayar tana ɗaure a haɓar zane, iyafis ya bi ta ƙarƙashin kallabi, ita kuma tana zaune bakin rumbu tana tsintar wake. Wanda ya wuce sai ya ɗauka tsohuwa ce ke 'yan ƙunƙuninta. Ba wanda ke jin muryata sai ita. A haka na san Inna tana da ban dariya, tana kwaikwayon tafiyar mai unguwa da baki har in ji kamar ina ganinsa. A haka na san ba ta son kunun tsamiya, shekara da shekaru tana sha ne kawai don ana damawa. Sunana dai ba ta faɗa ba ko a waya, kuma in na je gida sai mu koma yadda muke, ta kau da kai, a ce wa wancan ga ruwa. Ban damu ba, tunda na san in na koma Gusau za ta kira.

Sai kasuwa ta fara juya wa wayar baya. Aka kawo masu layi biyu da tocila da batir mai kwana da kwanaki, ga araha. Masu hali kuma suka koma wayar shafawa. Mai suna biyu ta tsaya tana taƙama da sauti, mutane suka wuce suka bar ta. Mai cajin waya na ƙauyenmu ya cire bakin cajarta daga allonsa ya ce wuri take ci masa, mutum ɗaya tal ke kawo irinta. Na sayo caja na kai masa, na roƙe shi ya ajiye saboda Inna. Ta ƙone, na sayo wata. Batir ya kumbura ya ɗaga murfi, muka ɗaure da kyauro.

Daga nan na shiga yawon da har yau in na tuna sai in ji ƙafafuna sun yi nauyi. Duk mai gyaran waya a Gusau ya san ni. Ina doso rumfa za a fara dariya, "Malam mai gawa ya iso." Wani dattijo a cikinsu, wanda ba ya cikin masu dariyar, shi ya zaunar da ni ya ce, "Malam, masu wagga waya sun raba gari. Guda ya saye rabon guda, sunan ma ɗaya ar rage. Ba a ƙera irinta yanzu. Mi kaka nema cikinta wanda babu ga sauran?" Na ce tsohuwata ce ta saba da ita. Ban san yadda zan yi masa bayanin sauran ba.

Shi ya riƙa tara mini matattun irinta a wani tsohon gwangwanin madara. A ciro fuska a nan, a ciro maɓallai a can, a haɗa guda mai numfashi. Na taɓa hawa mota har Tsafe ranar kasuwa saboda an ce wani mai kayan gwanjo yana da iyafis ɗinta. Na same shi, kunne ɗaya ke yi, na saya ina godiya. Na je Bungudu wurin wani direba da aka ce matarsa tana da irinta a ajiye, ashe yara sun riga sun jefa ta a randa. Matata ta ce wahalar da nake wa wannan waya ko jinyar mutum sai haka. Gaskiya ta faɗa, na gaji. Wani lokaci in wayar ta sake mutuwa har haushin Inna nake ji, in ce a raina me zai hana ta buɗe baki ta yi mini magana kamar kowa. Sai kuma in ji kunyar kaina, in tashi in tafi rumfar dattijo.

Ranar da ya juye gwangwanin a gabana ya ce ba sauran abin ciro, ban yi musu ba. Na saya wa Inna sabuwa mai tocila, mai ƙaramin bakin caja irin na kowa, har da iyafis ɗinta. Na ce ai waya waya ce.

Ban yi lissafin gidanmu ba. Tsohuwar wayar ba wanda ke taɓa ta, don ba ta da amfani ga kowa sai mai ita. Sabuwar kuwa ranar da ta shiga gida ta zama ta jama'a. Ƙanena ya ari iyafis zai je gona da shi, bai dawo ba. Na aika da wani, jikoki suka tsinka. Matar ƙanena tana haska madafa da tocilar, maƙwabta suna zuwa aron kira, batirinta ma ana cirewa a sa a wata. Ga ta da murya kamar mai shela, in ana magana a tsakar gida na zaure yana ji. In na kira, duk wanda take hannunsa shi zai ɗauka, ya ratsa gida yana kiran, "Inna, ga na Gusau!" Sai in jiyo ta daga nesa tana cewa, "Ce mishi muna lahiya." Ita kuwa ba ta sake kirana ba.

A shekarar hanyar ƙauyenmu ta ƙi daɗi saboda rashin tsaro, ba a shiga sai da dalili, na yi watanni ban je ba. Kullum na kira amsa ɗaya ce, suna lafiya. Da hanya ta ɗan lafa na shirya na tafi. Na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafar hagu, an lulluɓe da tsumma. Matar ƙanena ta ɗaga tsumman. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, wani gyambo a dunduniya ya yi baƙi. Wai kara ne ya soke ta tun kaka, ta hana a faɗa wa kowa, tana ta shafa magani da kanta.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na manta da wata kunya, na tsuguna a gabanta na ce, "Inna, wata nawa kina fama da wannan? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba ta dube ni ba. Ta ja tsumman ta rufe ƙafarta, ta juya wajen matar ƙanena.

Ta ce, "Tambaye shi, ta ina zan gaya mishi?"